Kiyari Ya Tafi Kiwo

Tun da na dawo daga Jos ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu, majalisar da muke zaman hira, ba. Da na zauna sai wani ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ya ce, "Mushe Ari, a ba mu labarin Najeriya." Na ce akwai sanyi, suka ce sun ji wannan. Na ce akwai duwatsu, suka ce Damagaram ma akwai. To ga labarin nan na rubuta don in huta, kuma don kada kowa ya sake yi mini fuskar wanda bai san abin da ya kai ni ba. Kun sani sarai, ku ne ma rabin labarin.

Saboda wanda ba ɗan Gure ba, bari in fara daga gida. Ina da ƙane, Kiyari, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai lambu ne a kwarin da ke gabas da gari, mutum mai shiru, wanda in ya dasa albasa a kan rairayi sai ta yi. Tun yana saurayi akwai lokutan da wani abu ke taso masa. Sai ya daina barci, ya daina ci, ya riƙa jin ana kiran sunansa daga cikin rijiya. In abin ya zo, mahaifiyarmu Inna takan rufe shi a ɗakin baya, ko a kai shi wajen wani malami a Kelle, mu kuma an koya mana amsa guda: "Kiyari ya tafi kiwo." Gidanmu ba mu da dabbar da ta wuce akuya gurguwa da kaji, amma cikin shekaru kusan ashirin ba a samu mutum ɗaya a Gure da ya tambayi abin da yake kiwo ba.

Da bazarar bana abin ya zo ba sallama. Da rana tsaka Kiyari ya cinna wa shingen lambun maƙwabcinmu Malam Bukar wuta, wai akwai mutane a ɓoye ciki suna kiransa. Wutar ta ci shinge, ta ci injin ban ruwa da ƙananan dabinai, ta ƙone Malam Bukar a hannu wajen kashe ta. Ya tsaya a bakin kwari yana ihu, "Mahaukaci! Mahaukaci ne, kowa ya sani!" Inna ta daina gaisawa da gidansa daga ranar. Ƙarar da ya kai wajen jandarmomi ba ta dame ta ba kamar wannan kalma.

Aka tsare Kiyari a gidan kaso. Abokan da muka ɗauka, wato lauya a bakin mutanen Najeriya, ya gaya mana magana a fili. In alƙali ya gamsu cewa ba ya cikin hankalinsa ranar, likita za a kai shi, wato asibiti. In bai gamsu ba, shekaru ne a kaso. Na je na gan shi, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, kwanon abincinsa a gefe ƙudaje na bi. Na san mutum mai irin kansa ba zai ga ƙarshen waɗannan shekaru ba, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Inna ce ta tuna da Falmata, ƴar ƙanenta marigayi Kawu Mele, wanda fataucin kanwa ya kai Jos ya zauna can. Mun ji Falmata ta zama dakta a jami'a, wai halayyar masu laifi ta karanta.

"Ka tahi ka ɗauko ta," in ji Inna. "Ta zo ta gaya wa alƙali a kunne, da nasaranci, ba sai gari ya ji ba."

Na ce, "Inna, ga salula, in kira ta mana."

Ta dube ni kamar na zo da jaki cikin masallaci. "Wannan magana a salula? Mi ka karanta a lakwal ɗin nan ne?"

Shi ke nan. Ta ɗaure mini dabino, cuku, kilishi da kanwa a buhu, ta ce in kowa ya tambaya zumunci za ni.

Daga Gure zuwa Damagaram ba abin faɗi, kun san gudiron nan, wato kwaltar hanya, da ramukansa, kun san yadda shofer ke kauce wa ƙaramin rami don ya samu babba. Na yi gyangyaɗi har Mirya. A tashar Damagaram na shiga ƙaramar mota mai zuwa Kano ta Matamaye, aka cusa ni kusa da wata Hajiya ƴar Kano mai fataucin atamfa, wadda ta ɗauki kujerarta da rabin tawa. Ba mu bar gari ba ta ji ƙanshin kilishi. Ni kuwa ɗan Gure ne, ba a shinshina kayana in yi shiru. Na buɗe na ce bismilla, irin bismillar da ake yi don a ce alhamdu lillahi. Hajiya ba ta san wannan al'ada ba. Ta ci, ta miƙa wa na gaba, ta miƙa wa shofer, ta yaba wa mutanen Nijar da karamci.

Tana ci tana ba mota tarihin jikinta: hawan jini, gwiwa, wani abu da ke yi mata yawo a baya. Da ta gama da kanta sai ta koma kan maigidanta. "Shi kuma Alhaji ƙwaƙwalwa ce," in ji ta da ƙarfi. "Duk wata sai mun je asibiti an ba shi ƙwayoyinsa. In ya sha, lafiya lau, shi ke riƙe shago. In ya bari, sai ya ce rediyo da shi take." Na juya fuskata wajen taga, ina jin kunya a madadinta. Wani daga baya ya tambayi sunan maganin, wai akwai ɗan yayarsa. Na ce a raina, lalle na kusa barin ƙasarmu.

A kan iyaka aka sauke mu. Ɓangarenmu aka ce kartidantite, wato katin shaida, ɗaya ɓangaren aka nemi takardar nan dai da wani suna. Ma'aikacin can ya juya ta, ya dube ni, ya ce, "Me za ka je yi?"

"Zumunci."

"Kowa a motar nan zumunci," in ji shi. "Ƙasar nan da zumunci ake ci da tuni mun ƙoshi. Wuce, malam."

Na wuce ina jin daɗin na riƙe asiri a gaban hukuma. Murnar ba ta kai Daura ba na gane cukun ma ya bi kilishi.

A Kano na sauka gidan da fataken Damagaram ke sauka, kusa da kasuwa. Ɗaki ne dogo, tabarmi a jere, kowa ya yi matashi da jakarsa, injin wutar maƙwabta yana ruri kamar ana niƙa a kan mutum. Shayinsu kuwa abin tausayi ne. Mu da muke zama mu dafa na fari, na biyu, na uku a ƴan kofuna, ana hira ana jiran kumfa, su sai su cika maka wani kofi mai girman buta da ruwan zafi da madara, su haɗa ka da burodi, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri. Na sha don yunwa, amma ban kira shi shayi ba.

Ina cikin sha sai na ji an dafa kafaɗata. Wani mai sayar da raƙuma ne ɗan Bune, inda na yi shekaru ina koyarwa. Bayan ƙonewar shingen ya baro gida, ya bi ta Gure ranar kasuwa, babu yadda za a yi bai ji ba. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Kiyari fa? Yana wajen kiwo?"

Na ce, "Yana can."

"Allah shi kawo shi lahiya. Bana ciyawa ta yi nisa."

Muka bar maganar a nan, mutum biyu masu mutunci. A lokacin na ji ƙaunar mutanenmu ta cika mini zuciya, na ce duk duniya babu masu rufa wa juna asiri kamar mu.

Hanyar Jos hawa ce. Bayan Saminaka iska ta fara canjawa, da muka shiga gari kuwa sai na ga mutane cikin rigunan sanyi a lokacin da Gure ake kwana a tsakar gida. Ni da ƴar shadda mai shara-shara na sauka. Falmata ta zo tasha da motarta, ita ke tuƙi. Taubashiyata ce, ƴar kawu, don haka ba gaisuwa ta fara yi ba.

"Wa ya saki wannan baƙauyen? Kai taubashi, haka ake zuwa birni, da buhu a ka kamar an kore ka daga gona?"

Na ce, "Buhun na uwarki ne, ta ce in kawo wa marainiyar da ba ta san ɗanɗanon abinci ba."

Ta buɗe, ta tarar da dabino da kanwa da ƙanshin kilishi. Ta ce ta gode da ƙanshin.

Gidanta ta sauke ni. Mijinta mutumin kirki ne, ya ba ni rigar sanyinsa mai hoton wata dabba a ƙirji, na sa ta a kan shadda, na yi kwanakina a haka ba tare da kowa ya yi dariya a gabana ba. Aka kawo mini gwate, wani abinci da ban gane ko ci ake yi ko sha ba, ganye da tsaki da yalo duk a kwano ɗaya. Da safe dankalin turawa, da rana dankalin turawa. Na yi kewar burabusko da miyar kuka har na yi mafarkinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maƙwabta. Bango ɗaya ya raba su, amma ba mai shiga gidan wani sai ya buga waya. Na ce wa Falmata a Gure maƙwabci ya san abin da ka dafa kafin ka sauke tukunya. Ta ce, "To ai shi ya sa Baba ya gudo."

Maganar da ta kawo ni kuwa ta ƙi fita. Na ba da labarin damina, na ba da na farashin gero, na lissafa duk wanda ya rasu a dangi. Kullum in na buɗe baki sai in ji muryar Inna. Wata safiya Falmata ta ajiye cokali ta ce, "Taubashi, Gwaggo ba ta aiko ƙato daga Gure don ya ƙirga mini matattu ba. Kiyari ne, ko? Ciwon ya tashi?"

Na kusa ƙwarewa. "Wane ciwo?"

"Haba. Tun ina firamare Baba ke aika masa da addu'a. Faɗa mini abin da ya faru."

Na faɗa mata duka, har da saƙon Inna na kunnen alƙali. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ne karo na farko da na ga taubashiyata ta bar dama ta wuce. Ta ce in bi ta ofis.

Ofishin ɗan ƙarami ne, littattafai har rufi. Ta zaunar da ni kamar ɗan aji ta ce, "Kun aiko wajen da ba shi ba. Da a ce an wayi gari shinge ya ƙone ba a san wanda ya yi ba, gobe wani ya ƙone, jibi wani, nan ne ƴan sanda za su iya zuwa wurina. Wane irin mutum ne ke ƙona shinge da rana? Me yake ji in yana yi? Ina zai nufa gaba? Aikina ke nan. Ina shiga gidan yari in yi hira da mutane da yawa don in gane abin da ke kai mutum ga laifi, in koyar, in rubuta. Naku kuwa an san wanda ya yi, rabin gari na kallo."

"To ai shi ya sa," na ce. "Ki zo ki gaya wa alƙali abin da ya kai shi."

"Alƙali ba wannan yake tambaya ba. Shi mutum ɗaya ne a gabansa, da rana ɗaya. Ranar nan Kiyari ya san abin da yake yi? Yanzu zai iya gane shari'ar da ake yi masa? In an sake shi, zai sake? Mai amsa wannan daban ne, masanin halayya na kotu. Alƙali ke naɗa shi, ya zauna da mutumin, ya gwada shi, ya bi tarihinsa, ya rubuta abin da ya gani ko ya yi muku daɗi ko bai yi ba."

Na ce, "Wato ke kin san halin raƙuma, shi kuma shi ake kira kasuwa ya buɗe bakin raƙumi ɗaya."

"Ka ga amfanin baƙauye. Haka ne. Kuma ko da aikina ne, wane alƙali zai karɓi maganar ƴar kawun mai laifi, daga wata ƙasa? Naku alƙalin zai naɗa nasa, watakila daga Damagaram."

Damagaram ɗin da na ratsa da buhu a ka. Na ƙetare iyaka, na ciyar da mota guda, na sa rigar dabba, don a gaya mini abin da nake nema yana bayana.

Ta ce tun da na zo, in ga mai ofishin kusa da nata, shi ne ke irin wannan aiki. Dakta Pam sunansa, ɗan ƙasar wurin, gajere mai furfura, da Hausarsa irin ta Jos wadda ba ta ɓata lokaci. Mu a gida kafin a tambayi mutum ciwon ɗan'uwansa sai an gaishe shi sau bakwai an yi zancen ruwa. Shi ko kujera ban gama ja ba ya fara.

"An taɓa kai shi asibiti?"

"A'a. Wajen malam dai."

"Malam ɗin yana nan?"

"Ya rasu."

"Wa ya taɓa ganin shi cikin ciwo?"

"Inna. Ni ina Bune yawancin shekarun."

"In wanda kotu ya aiko ya tambayi maƙwabta, me za su ce?"

Nan na gyara zama, don an zo inda nake da abin alfahari. Na ce, "Dakta, maƙwabtanmu mutanen kirki ne. Ko wuƙa aka sa musu a wuya ba za su ce ɗan gidanmu yana da taɓin hankali ba. Za su ce lafiyarsa lau."

Ya cire tabarau ya dube ni. "To mutanen kirkin nan su za su ɗaure shi."

Ya bayyana mini cewa a aikinsu abin da aka fi tsoro shi ne mai haukan ƙarya, wanda ciwo ke kama shi ranar da aka kama shi. Don haka ba sa tsayawa ga abin da suka gani a ɗakin tsaro, sai sun nemi baya. "Mutum ya kai shekara arba'in, babu asibiti, gari duka sun ce kalau yake, sai ɗan'uwan shi kaɗai ya ce ba shi da lafiya, kuma bayan an kama shi. Kai in kai ne ni, me za ka rubuta?"

Sanyin da na ji a ofishin nan ya fi na tasha.

Da za mu fita Falmata ta bi da ni ta gefen asibitin da suke kai ɗalibai. Ga allo an rubuta abin da ake dubawa a wurin ɓaro-ɓaro, ga mutane a kan benci ƙarƙashinsa, wata na saƙa, wani na cin gyaɗa, ana gaisawa ana tambayar yaya magani. Na tuna da Hajiya mai atamfa da Alhajinta da ke riƙe shago. Kilishin da ta ci ban ƙara jin zafinsa ba.

Komowa ba ta da labari. Falmata ta cika buhun da dankalin turawa, wai in kai wa ƙauye su ga abinci. A tasha ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ka gaya wa Gwaggo ba ni take bukata ba. Ita ce shaidar." A kan iyaka ma'aikacin nan ya tambayi yaya zumunci, na ce ya yi nauyi.

Na tarar alƙali ya riga ya naɗa wata madam masaniyar halayya daga Damagaram, ƴar siririya mai magana a hankali. Ta zauna da Kiyari sau da yawa, sannan ta shiga unguwa tana tambaya. Ku da kuke fada kun san abin da kuka gaya mata. Liman ya ce bai taɓa ganin mai natsuwar Kiyari a sahu ba. Mai shagon bakin titi ya ce in hankali ake nema a unguwar nan, a je wajen Kiyari. Wani a cikinku, ba zan faɗi suna ba, yana zuba mana shayi kullum, har rantsuwa ya yi. Kowa ya fito daga wajenta yana share gumi, ya biyo ta ƙofar gidanmu ya gaida Inna da fuskar wanda ya sauke farali.

Ni na gaya mata gaskiya. Ta saurara, ta rubuta, ta ce, "Mushe, na ji. Abin da na gani a wajensa ya yi kama da abin da ka faɗa. Amma kai ɗan'uwansa ne, kuma kai kaɗai ne."

Sai na tuna akwai mutum ɗaya a Gure da ya taɓa faɗin kalmar a fili. Na tafi lambun Malam Bukar, na same shi yana kafa sabon shinge da hannunsa mai tabo. Na gaishe shi, na yi masa jaje, na ce alfarma na zo nema: abin da ya faɗa ranar wuta, ya je ya maimaita wa madam.

Ya saki itacen da ke hannunsa. "Ni? In tahi gaban baƙuwa in ce ɗan maƙwabcina mahaukaci ne? A'uzu billahi. Mushe, ranar nan zahin wuta ne ya yi magana, ba ni ba. Tun ranar ban iya haɗa ido da Innarku. Kana so in ƙara?"

"Malam Bukar, zagin nan shi zai hisshe shi."

"To a samu wani shi zage shi. Ni na tuba."

Na dawo gida na zauna gaban Inna na gaya mata duk abin da na jiyo, tun daga raƙuma har Dakta Pam. Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce, "Ɗiyansa mata biyu fa? Wa zai zo neman ɗiyar gidan da aka ce akwai wannan a jini?" Na ce ban sani ba, amma na san uban nasu ba zai kai kaka a inda yake ba. Washegari ta dama fura ta ce in raka ta kaso, wurin da ta ƙi takawa tun da aka kama shi.

Aka fito da shi. Ya dube ta kamar daga nesa, ya karɓi kwanon bai sha ba. Can ya ce, a hankali, irin muryarsa ta yaro, "Inna, kiwon nan ya yi tsawo. Yaushe zan komo?"

Inna ba ta yi kuka a wurin ba, ni ne na yi.

Da la'asar ta aika a kira madam. Na shimfiɗa tabarma a ɗaki, ta ce in fitar da ita ƙofar gida. Ta aika a kira liman, da mai shago, da Malam Bukar da matarsa. Sauran ba a kira ku ba, amma kun zo. Ta zauna, tsohuwar da ban taɓa jin muryarta ta wuce zaure ba, ta ce da ƙarfi, "Madam, ɗana Kiyari yana da ciwon hauka. Tun yana saurayi. Bai taɓa kiwon komi ba."

Ta tashi ta ja mu har ɗakin baya, ta buɗe. Ga turken ƙarfe a tsakiyar ɗaki, ga bango duk ya sha farce. Ta ce tabon da ke idon sawunsa, wanda aka ce igiyar rijiya ce, ga inda ya same shi. Ta faɗi shekarar da ya fara, da irin abin da yake ji, da yadda take gane zai taso in ya daina cin abinci. Madam tana rubutu hannunta na sauri.

Sai matar Malam Bukar ta ce, kanta a ƙasa, "Inna, in mun ji ya fara, mu ke kwashe yaran unguwa mu kai su kwari, don kada su ji su yi ta faɗi." Liman ya yi gyaran murya ya ce shi ke aiko da rubutu da almuru, bayan faɗuwar rana, ta hannun jikarsa, ya ce a ce daga Kelle ne. Mai shago ya ce shi dai maganar hankali da ya yi, yana nufin in yana lafiya. Malam Bukar ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce, "Shingen nan, wannan ne karo na biyu. Na farin na ce iska ce ta kawo wuta."

Inna ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ashe ni kaɗai ce a garin nan ban san an sani ba."

Madam ta kai abin da ta rubuta, alƙali ya karanta, aka ɗauke Kiyari daga kaso aka kai shi likita a Damagaram. Na je na gan shi makon jiya. Ya fara ci, ya tambaye ni wa ke ba albasarsa ruwa. Na ce Malam Bukar. Maganar ɗiyansa kuwa tana hannun Allah, ba wanda ya zo, ba kuma wanda ya fasa, don ba a fara ba.

Wannan shi ne labarin Najeriya da kuke ta nema. Abin da ya rage shi ne roƙo. Shekaranjiya wata tsohuwa ta shigo gaida Inna, ta zauna, ta sunkuyar da kai cikin ladabi irin namu, ta ce, "Kiyari fa, yana wajen kiwo?" Inna ta ajiye tsintsiya ta ce, "Yana likita. Ki ce likita." Don Allah ku ma haka za ku riƙa cewa.